Yadda za ku gane mai ciwon daji ya fara ramewa tun kafin abin ya yi nisa

Masu jinyar mai ciwon daji don Allah a daina auna rama da ido, domin wanda kuke kwana ku tashi tare ba za ku lura ba sai ɗan dubiya ya shigo ya ce kai, haka ya zube? Lokacin kuma an makara.

Ku nemi sikeli ko na kemis ne. Sau ɗaya a sati, da safe kafin ya karya, da kaya marasa nauyi, kuma sikeli ɗaya za a riƙe, a rubuta a littafi da kwanan wata. Lissafin ba wuya, in ya rasa sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 toh akwai matsala, wato mai kilo 60 ya dawo ƙasa da 57. Kilo 3 kamar ba komai ba ne amma jikin da zai ɗauki kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ko tiyata yana jinsa sosai.

Sai dai sikeli na yaudara. In ƙafa ta kumbura ko ruwa ya taru a ciki, nauyi zai tsaya cak alhali nama na tafiya, haka mai ƙiba, tsoka na narkewa a ƙarƙashin kitse kowa na cewa ai da sauran jikinsa. Saboda haka ku duba gefen goshi ko ya loma, ƙashin wuya ko ya fito, da naman nan na tsakanin babban yatsa da manuniya. Zobe ya fara zamewa? Sannan a ɗauko tef ɗin tela a auna tsakiyar damtse, hannu a sake, ga babban mutum ƙasa da santimita 23.5 alamar rama ce.

Abinci kuma kar ku tsaya a "ya ci?", ku leƙa kwanon. In sama da sati bai cin rabin abin da ya saba, a gaya wa likita, kuma a tambayi dalili cikin lallami: gyambon baki ne, haɗiya ce ke wahala, tashin zuciya, gudawa, ko abincin ne ba ɗanɗano? Kowanne da maganinsa daban.

Ranar ganin likita ku tafi da littafin, ku roƙi a haɗa ku da masanin abinci na asibiti. Kuma kar a hana shi ƙwai, nama, wake ko nono saboda ji-ta-ji-ta, in tuwo ya gagara a ba shi kunun gyaɗa mai kauri kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana.