Yadda na yanka bututun gilashi bai tsage ba

Sati biyu ina fama da silindar ɗan ƙaramin injin iska mai zafi da nake haɗawa, irin wanda Robert Stirling ya ƙirƙiro a 1816. Silindar bututun gwaji ne na Pyrex, wato gilashi mai jure zafi, faɗinsa milimita 16, nake son rage masa tsawo. Guda huɗu na yi asara.

Da farko na karce shi da fayil, wato magagarin ƙarfe, na karya da hannu, bakin ya fito a karkace. Na koma dabarar ɗaura zare mai kananzir, a cinna wuta, a tsoma a ruwan sanyi. A kwalbar lemo tana ci, amma Pyrex zafi bai cika buɗa shi ba, shi ya sa ko gezau.

Siririn faifan daimon a kan Dremel, ƙaramin injin hannu na lantarki mai juya faifai, shi ya raba gardama. Na naɗa salatif na takarda a inda zan yanka, na zura sandar katako a ciki daidai cikin bututun. Na rataye gorar ruwa mai ɗan huji tana ɗiga a kan layin, nesa da injin Dremel ɗin. Gudu na sa a mafi ƙanƙanta. Ban danna ba ko kaɗan: bututun nake juyawa a hankali, zagayen farko tsagi kawai, sannan ina zurfafawa har zagaye na shida ya rabu da kansa. Kar a manta tabarau, ɓarɓashin na tsalle.

Bakin na goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa a kan shimfiɗaɗɗen gilashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 220, sai 400, sai 600. Alhamdulillahi, ya zauna a mazauninsa ba ya yoyon iska.