Gida Tukuna: Yadda Hukumar Gidaje da ta Lafiya Ke Haɗa Hannu Wajen Tsugunar da Masu Kwana a Titi

Mutumin da ya shekara biyar yana kwana a bakin tasha, ga kuma taɓin hankali, kusan kowace hukuma ta san shi. 'Yan sanda sun sha ɗaukarsa, sashen gaggawa na asibiti ya sha karɓarsa, wataƙila ma ya yi 'yan watanni a gidan yari. Duk da haka babu wadda ke ganin nauyinsa a wuyanta yake. Asibiti ya ce shi magani ya sani, hukumar gidaje ta ce sai ya warke za a duba maganarsa. Ga yadda aka toshe wannan giɓin a Finland, Kanada da Amurka, da wuraren da aikin ke yawan lalacewa.

A fara daidaitawa a kan ƙa'ida ɗaya

Tsohon tsari kamar tsani yake: mutum ya kwana a masaukin dare na marasa matsuguni, ya daina shaye-shaye, ya riƙe shan magani, sannan a can ƙarshe a ba shi mabuɗi. Masu ciwo mai tsanani a matakin farko suke faɗowa, domin ba a riƙe lokacin shan magani a wurin da ake sace wa mutum jaka kowane dare. A 1992 Sam Tsemberis ya juya tsarin a birnin New York: a ba da gidan tukuna, magani da sauran taimako su biyo baya. Sharaɗi biyu kawai aka gindaya. Ɗan haya ya biya kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, ya kuma yarda ma'aikaci ya riƙa leƙo shi a kai a kai.

Idan hukumomin ba su sa hannu a kan wannan tun farko ba, kada a ci gaba. Abin da zai faru shi ne, ranar da ɗan haya ya ƙi allura, likita ya kira jami'in gidaje ya ce a tsorata shi da kora. Daga ranar mutumin zai fara ɓoye halin da yake ciki, alhali sanin halin nasa shi ne jarin aikin gaba ɗaya.

Yarjejeniya mai adadi, ba ta fatar baki ba

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannaye da yawa ma ba sa ɗauka in ba a faɗa wa kowa kusurwarsa ba. Finland ce ta fi kowa iya wannan. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da birane goma da suka fi yawan marasa matsuguni, Helsinki a kan gaba, da burin samar da gidaje 1,250 zuwa 2011. Ma'aikatar muhalli ta ja ragama. Hukumar tallafin gina gidaje ta ba da kuɗin gini da gyara, ma'aikatar lafiya da walwala ta tallafa wajen albashin ma'aikatan kula, birane suka ba da fili da ayyukan jinya, hukumar gidajen yari ma tana ciki. Ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Y, wadda aka kafa a 1985, suka riƙa sayen gidaje suna ba da haya. A Amurka akwai makamancin haka tsakanin ma'aikatar gidaje da ta tsofaffin sojoji, shirin da ake kira HUD-VASH: ɗaya na ba da takardar biyan haya, ɗayar na ba da jami'in kula da asibiti.

Takardar ta faɗi gida nawa kowane birni zai samar a kowace shekara, ma'aikaci nawa za a ɗauka, daga wane layin kasafi za a biya, da ofishin da zai amsa tambaya idan an gaza. A naɗa jagora guda mai ikon kiran taro da yanke magana. Kuɗin hayar a rubuta shi ba tare da wa'adin ƙarewa ba. Wannan ya fi muhimmanci a wurin da gwamnati ba ta da tallafin haya na kowa da kowa, domin a Finland tallafin hukumar inshorar jama'a ne ke ɗauke mafi yawan hayar, kuma inda babu irinsa dole wata hukuma ta sa kuɗin a kasafinta.

Su wa za a fara da su

A haɗa jerin sunaye guda ɗaya da asibiti, ma'aikatan titi da masaukan dare za su riƙa sabuntawa. A kuma tsayar da ma'auni. Amurka na ɗaukar mutum a matsayin wanda ya daɗe a titi idan yana da naƙasa ko ciwo, kuma ya shekara cur babu matsuguni, ko ya faɗa halin sau huɗu cikin shekara uku har jimillarsu ta kai wata 12. A fara da mafi tsanani. Kowace hukuma tana da sha'awar zaɓo masu sauƙi don rahoto ya yi kyau, sai a sa ido a kan haka. Bayanan lafiya kuwa ba a miƙa su sai da izinin mai su a rubuce, kuma mai gida ba ya buƙatar sanin sunan ciwon ɗan hayarsa. Lambar da zai kira ta ishe shi.

Gidan kansa

Takardar haya ta fita da sunan mutumin, da haƙƙi irin na kowane ɗan haya. A bar shi ya zaɓa tsakanin gida biyu ko uku, domin wanda aka kai unguwar da ba ya so yakan koma inda ya saba cikin makonni. Tsarin New York ya fi son a warwatsa gidajen cikin gari, kada 'yan shirin su wuce kashi 20 cikin ɗari na mazauna bene guda. Finland ta haɗa biyu: gidaje a warwatse, da manyan gine-gine masu ma'aikata dare da rana. Wani tsohon masauki a titin Alppikatu na Helsinki mai gado kusan 250 an mayar da shi gidaje kimanin 80, kowa da ƙofarsa da ɗakin girkinsa. Masu mantuwa mai tsanani ko masu tsoron zama su kaɗai sun fi samun natsuwa a irin wannan.

Masu gidajen haya abu uku ke jawo su: haya a kan lokaci, asusun biyan ɓarna, da waya da ake ɗauka ko da tsakar dare. Kuma kada a miƙa mabuɗin ɗaki fayau. Gado, bargo, tukwane, labule da abincin mako guda su riga shi shiga.

Tawagar kula

Ga masu ciwo mai tsanani, ma'aunin da aka saba shi ne ma'aikaci ɗaya ga mutum goma. Wato tawagar mutum goma ta riƙe kimanin mutum 100, a cikinta akwai likitan ƙwaƙwalwa, nas, jami'in walwala, masanin shaye-shaye, mai taimakawa wajen neman aiki, da wani wanda shi ma ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne, sau da yawa shi ake buɗe wa ƙofa ranar da aka ƙi buɗe wa likita. Tawagar na zama kowace safiya ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, tana zuwa gida maimakon jiran mutum a asibiti, kuma akwai mai amsa kira awa 24. Ga masu matsakaiciyar buƙata, jami'i ɗaya zai iya riƙe har mutum 20, yana haɗa su da asibitocin da ke akwai.

Mai karɓar haya daban, mai kula daban. Wanda ya zo jiya da takardar gargaɗi ba zai zo yau ɗan haya ya gaya masa cewa muryoyin da ciwon ke sa shi ji sun dawo ba.

Inda ake yawan tuntuɓe

Watannin farko sun fi haɗari. Mutumin da ya saba da hayaniyar titi yakan ji shirun ɗaki ya yi masa nauyi, wani ma a ƙasa yake kwana ko ya koma waje da dare. A ƙara yawan ziyara a lokacin, a rage daga baya. Na biyu, tsofaffin abokai ko dillalan ƙwaya su mamaye gidan, shi kuma kunya ko tsoro ya hana shi faɗa. Alamarsa ita ce ya fara tarar ma'aikaci a bakin ƙofa maimakon ya ce a shigo. Maganinsa canza kwaɗo da wuri, in ta kama a canza gida. Wanda aka kora daga gidan farko ba a sallame shi daga shirin, a nema masa na biyu, tawagarsa ta ci gaba da kula da shi.

Sai ranar fita daga asibiti ko gidan yari, wadda a nan ne hukumomi suka fi sakin hannun juna. Yarjejeniya ta hana sallamar mutum zuwa titi, ta wajabta sanar da tawaga kwanaki kafin ranar, a fito da shi da maganin da zai kai shi ganin likita na gaba. A kuma rubuta wata nawa za a ci gaba da biyan hayar wanda aka kwantar. Akwai tsarin rakiya na wata tara da aka ƙirƙira a New York don irin wannan gaɓa, kashi uku na wata uku-uku, ana janye hannu a hankali har mutumin ya saba da asibitin unguwarsa.

A kula da alkawarin da za a yi wa masu riƙe da kasafi. Gwajin da Kanada ta yi daga 2009 zuwa 2013 a birane biyar, da mutum kimanin 2,000, ya nuna cewa a wata shidan ƙarshe kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka fara ba gida suna cikin gida ba yankewa, cikin waɗanda aka bari da taimakon da aka saba bayarwa kuwa kashi 31 ne. Amma ta fuskar alamomin ciwo da shaye-shaye, bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma rarar kuɗi ta fi fitowa ne a kan 'yan kaɗan da suka fi kowa yawan kwanciya asibiti. Don haka abin da za a riƙa aunawa duk wata uku shi ne mutum nawa ke cikin gidansu bayan wata 12 da wata 24, kwana nawa ake ɗauka daga shiga jeri zuwa karɓar mabuɗi, da kwana nawa aka yi a gadon asibiti ko a tsare.