Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen wuyan keken hawa dutse

Wuya shi ne ɗan guntun ƙarfen da ke riƙe da kan keke, ya haɗa shi da bututun fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Ga shi ƙarami, amma bambancin milimita 10 a tsawonsa kan sauya yadda keke ke shan kwana.

Kuskuren farko shi ne saye ba awo. Kan keken zamani kaurinsa a tsakiya ko dai milimita 31.8 ne ko 35, tsofaffi kuma 25.4. Wuyan 35 ba zai kama kan 31.8 ba sai da zoben cike giɓi da aka ƙera don haka, kuma cusa guntun gwangwani ko roba neman faɗuwa ne. Bututun fok yawanci 28.6 ne a sama, ko da ƙasansa ya fi faɗi. A duba duka biyun kafin a biya kuɗi.

Inda aka fi ɓata lissafi shi ne tsawo. Daga tsakiyar bututun fok zuwa tsakiyar kan keke ake aunawa, ba daga baki zuwa baki ba. Masu gangara da hanyar duwatsu sun fi amfani da milimita 35 zuwa 50, masu tseren dogon zango kuwa 60 zuwa 80. Dogon wuya yana tura nauyin mahayi gaba: wajen hawa tudu tayar gaba ta manne da ƙasa, amma a gangara birki ɗaya mai ƙarfi zai iya wuntsila mutum ta kan keke. Gajere ya wuce kima, sai tayar gaba ta riƙa ɗagawa a tudu, ta kuma zame a kwana saboda babu nauyi a kanta. Gyaran shi ne a sauya da milimita 10 kacal, a hau na 'yan kwanaki, sannan a yanke shawara. Wanda ya sa faffaɗan kai, kamar mai faɗin milimita 780, zai ga ƙirjinsa ya ƙara sunkuyowa gaba, don haka ɗan rage wuya yake buƙata.

Wasu kuma keken ne ya yi musu ƙanƙanta, sai su ɗora wuya mai milimita 100 wai a samu sarari. Sararin zai samu, sarrafa keken ne zai lalace. Wuya ba ya gyara firam ɗin da ba girmanka ba.

Ciwon baya ko sanƙarewar hannu sau da yawa daga tsayin kan keke daga ƙasa yake, ba tsawon wuya ba. Wuya mai karkatar digiri 6 ana iya kifa shi ya kalli sama ko ƙasa, ana kuma iya matsar da zobban da ke ƙarƙashinsa, duk ba tare da sayen komai ba.

Sai ɗauri. A bar notunan gefe, masu matse wuya a jikin bututun fok, a sake, a fara da notin murfin sama, a ɗaure shi a hankali har boris ɗin da fok ke juyawa a kansa ya daina wasa. Dole bututun fok ya tsaya milimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin wuya ko zoben sama, in ba haka ba murfin zai danna bututun ne, ba boris ba. A kama birkin gaba a jijjiga keken gaba da baya. In an ji ƙwas-ƙwas, da saura. Bayan nan a daidaita kai da taya, a ɗaure notunan gefe.

Notuna huɗu na fuska, masu riƙe da kan keke, a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, giɓin sama da na ƙasa su zo daidai, sai dai in maƙerin ya rubuta a fara rufe sama. Ƙarfin ɗauri yana rubuce a jikin wuyan, galibi Nm 5 ko 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne). Alanki da ƙarfin damtse kan tsattsaga kan keken da aka yi da kabon (zare mara nauyi da ake amfani da shi maimakon ƙarfe) ta ciki, inda ido ba ya gani. A yi amfani da sifana mai auna ƙarfi, a shafa man da aka yi musamman don kabon, kada giris ya taɓa wurin kamun.