Zaɓen makaranta ga yaron da farfaɗiya ta taɓa maganarsa

Kafin a fara zagayen makarantu, a fara sanin ta inda ciwon ya taɓa maganar, domin ba iri ɗaya ba ne. Wani yaron yana gane duk abin da aka faɗa masa, kalma ce kawai ke maƙale masa a baki. Wani kuma sai bayan ciwon ya tashi ne bakinsa ke yin nauyi na ɗan lokaci, sannan ya dawo daidai. Na uku shi ya fi rikita iyaye: yaro ɗan shekara 3 zuwa 7 mai surutu, sai a hankali ya daina gane magana, a kira shi ya yi kamar ba da shi ake ba. Likitoci na kiran wannan Landau-Kleffner, da sunan masana biyu a Amurka da suka bayyana shi a 1957. Kunnen lafiya lau yake, ƙwaƙwalwar ce ke kasa juya sauti zuwa ma'ana. Irin wannan yaro ne ake yi wa saurin cewa ya kurumce, ko taurin kai ne.

Don haka a yi gwaji biyu tukuna. Na farko gwajin ji, a sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Na biyu gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake ce wa EEG, kuma a roƙi likita a yi shi yaro na barci, domin a nau'in Landau-Kleffner rikicin ya fi bayyana a barci, gwajin ido biyu na iya nuna komai lafiya. A kuma tambayi likita ko maganin farfaɗiyar da yaron ke sha na da hannu. Fenobabiton na sa wasu yara gyangyaɗi, wasu kuma ƙiriniya. Topamax ya yi suna wajen sa mutum laluben kalma. Ko da an zargi magani, ba a tsayar da shi a gida, domin tsayarwa farat ɗaya na iya jawo tashin ciwo mai tsanani.

Yawancin waɗannan yara makarantar kowa da kowa ce ta dace da su, muddin ajin ba cunkushe yake ba. Kada a yi gaggawar kai yaro makarantar kurame don kawai ya yi shiru. Yaron da ke jin magana yana buƙatar zama cikin masu magana. Sai in fahimtar ta tafi sosai ne maganar hannu ke zama babban taimako, kuma koyonta ba ya hana magana dawowa.

Sunan makaranta da tsadar kuɗinta ba su ne abin dubawa ba, malamar aji ce. A je ranar karatu da hantsi, a nemi izinin zama bayan aji na rabin awa. A ƙirga yaran. Aji mai yara 20 ko 25, malama za ta lura yaro ya ƙura ido ya yi zuru na daƙiƙa goma ya dawo, wanda shi ma tashin ciwo ne kuma yakan maimaitu sau da yawa a yini. A aji mai yara 80 sai dai a ce ba ya mai da hankali, a bi shi da bulala. A saurari hayaniyar wurin: janareta a gindin taga, ko aji biyu da allon katako kawai ya raba, duk suna haɗiye ɗan abin da yaron ke iya kamawa.

Sannan a yi mata tambaya ɗaya: "Malama, in ya faɗi a gabanki, me za ki yi?" In ta ambaci cokali a baki, ko albasa, ko zuba ruwa, ko kore yara kada yawunsa ya taɓa su, ba lallai a tashi a tafi ba, amma a duba ko tana karɓar gyara. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfa. Abin yi shi ne a janye benci, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo. In jijjigar ta kai minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti nan take. A rubuta wannan a shafi ɗaya tare da sunan magani, lokacin shansa da lambar waya biyu, a ba malama, a ba hedimasta.

A cikin aji, a zaunar da shi gaba inda zai ga bakin malama. Umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya, da nuni ko hoto. In an yi masa tambaya a ba shi lokaci kafin a maimaita. Yawancin manya ba sa iya haƙurin daƙiƙa goma, sai su ƙarasa masa maganar. A bar shi ya amsa ta nuni ko rubutu. A ajiye ƙaramin littafi da zai riƙa zuwa yana dawowa a jaka, malama ta rubuta abin da ta gani, gida a rubuta yadda ya kwana. Wannan littafin likita zai fi amfana da shi fiye da kowane bayani na baki.

Islamiyya ma a yi mata wannan awon. Hadda ta kunne ce, ga ƙarar yara da yawa lokaci guda, don haka malami ɗaya a gida da allo a hannu ya fi masa sauƙi. Makarantar kwana ko tura shi almajirci nesa da gida a ajiye su tukuna, domin rashin barci, tsallake magani da zazzaɓin cizon sauro su ne kan gaba wajen tayar da ciwon, kuma babu mai sa ido a kansu kamar na gida.

In makaranta ta ce ba ta ɗaukar mai farfaɗiya, a Najeriya dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi, kuma ana iya kai ƙorafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wadda ta karɓa kuwa, a ɗauki zangon farko a matsayin gwaji. A ƙarshensa a zauna da malama da littafin nan, a duba ko kalmominsa sun ƙaru ko sun ragu. In raguwa suke yi, likita za a fara komawa kafin a yi maganar canza makaranta.