Yadda Ake Shawo Kan Kachala a Dausayin Haɗejiya da Nguru

Kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta daɗe a bakin koguna, amma ba ta mamaye dausayin Haɗejiya da Nguru ba sai da tafiyar ruwa ta canza. A da ambaliya kan zo da damina, ƙasa ta bushe ƙarau da rani, saiwar ciyawar ta mutu. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwarara kaɗan-kaɗan shekara zagaye, laka ta taru, ga kuma takin zamani da ke gangarowa daga gonakin rani. Abin da kachala ke so ke nan. Duk wanda ya tunkare ta bai dubi ruwan ba, aikin baban giwa yake yi.

A fara da gano inda ruwa ya toshe. Mashigai irin su Marma da Burum Gana, in suka cushe, ruwa na malalewa gonakin wasu, na ƙasa kuma su rasa. Shi ya sa gayyar ƙauye ɗaya ba ta isa. Sai masunta da manoma da makiyaya na sama da na ƙasa sun tsayar da rana ɗaya, a fara daga ƙasan mashigi a yi sama, domin ruwan da aka buɗe ya samu hanyar wucewa.

Yankan shi ne zuciyar aikin. Karan kachala da ganyenta cike suke da ƙananan ramuka da ke kai iska zuwa saiwar da ke cikin laka. In aka yanke a saman ruwa, saiwa na ci gaba da numfashi, cikin makonni kaɗan ta sake tofo. A zura lauje ko adda a yanke aƙalla kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa, wato kusan santimita 20, kututturen ya nutse. Busassun kara ma a yanke su, domin su ma iska suke kaiwa. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da kan furenta ya fara fitowa, kafin ya nuna: a nan ne abincin da saiwa ta tara ya yi ƙasa, kuma iri bai watsu ba. Kai guda na ɗauke da iri dubbai masu yawa, iska ce ke yaɗa su. A koma bayan mako 4 zuwa 6 a sake yanke abin da ya leƙo, sau biyu ko uku a shekarar.

Inda aka fi yin asara shi ne ruwa ya janye bayan yanka, kututture ya fito fili. Saboda haka a san lokacin da ake sakin ruwa daga madatsa kafin a kira gayya. Wuta kaɗai ba ta kashe ta. Tana cinye sama, tokar ta zama taki. Maganin feshi kuwa bai dace da ruwan da ake sha ake kuma kamun kifi ba.

Kada a bar abin da aka yanka cikin ruwa ya ruɓe, yana shaƙe kifi, yana ƙara laka. A kwashe shi da kwale-kwale zuwa tudu. Ɗanyen sabon tofo ana daddatsa shi a haɗa wa dabbobi da dusa. Busasshe ana saƙa tabarma da shi, ko a ƙona shi a ganga mai rufi ya zama gawayi, a daka, a kwaɓa da kunun rogo kaɗan, a dunƙula a shanya. A kwarin kogin Senegal ana wannan sana'ar. Masu shiga ruwa su sa dogon takalmin roba saboda tsargiya da matsattsaku.

Filin da aka share kada a bar shi laka tsirara, domin a kan jiƙaƙƙiyar laka irin kachala ke tsirowa. A shuka shinkafa inda ya dace, a dasa burgu a makiyaya, a bar bado ya rufe ruwa mai zurfi. Inda za a iya tare ruwa, a bar wurin ya bushe rani guda, a yi huɗa saiwa ta fito rana.

Ba dole ne a ƙarar da ita duka ba. Manyan dazuzzukanta da ke kusa da gonaki, inda tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi ke kwana, su za a fara kaiwa. Siraran layuka a gefen tafki kuwa a bar su: suna tare laka, ƙananan kifaye na fakewa a ciki, haka ma tsuntsayen da ke zuwa yankin Dagona daga Turai da hunturu.