Darasi na 7: Tsutsar Ciki

Sau da yawa akan ce wa yaro shan zaƙi ne ke kawo tsutsar ciki. Ba haka ba ne. Daga kashin mutum take fitowa, ta shiga jikin wani ta baki ko ta fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ke ɗauke da irin tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Mu fara da macijin ciki, tunda shi aka fi sani. Tsawonsa yakan kai santimita 35, wato ya zarce rular ɗan makaranta. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 200,000 a rana, kuma ido ba ya ganinsu.

Ga yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Yaro ya tsuguna a bayan ɗaki. Uwa ta barbaɗa toka, ta kwashe, ta share wurin tas. Amma ƙwan yana nan a ƙasa. Idan akwai danshi, cikin mako 2 zuwa 3 ya nuna. Sai ƙanensa mai rarrafe ya bi ta wurin, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Shi ke nan, ta shiga. Masu cewa kashin yaro ba shi da illa su duba wannan da kyau, domin yara su ne suka fi kowa ɗauke da tsutsa. A ba yaro fo, a zubar a masai, a wanke hannu da sabulu.

Ƙwan yana zuwa kuma a ruwan sha da ya gurɓata, da jikin latas, kabeji ko karas da ba a wanke sosai ba.

Tsutsa mai ƙugiya ba ta jiran baki. 'Ya'yanta suna huda fatar ƙafar wanda ke tafiya ba takalmi, musamman a gona da damina. Idan ta isa hanji sai ta maƙale tana shan jini. Manomi ya ga yana haki da ɗan aiki kaɗan, mai juna biyu ta riƙa jin jiri. Ja fatar idonta ƙasa ka duba: in cikin fatar ya yi fari fat, jini ya ragu.

Tsila kuwa daga naman da bai dahu ba ake samunta.

Alamomin da za a lura da su: ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, gudawa, kumburin ciki, rashin son abinci, rama, da kasala. Yaro yana ci amma ba ya girma, a aji kuma sai gyangyaɗi. Idan yana susar dubura da dare har barci ya gagara, ƙananan fararen tsutsotsi ne ke fitowa su yi ƙwai a wurin. Wani kuma ba ya jin komai, alhali yana yaɗa ta.

Maganin ba shi da tsada. A asibiti za a iya yin awon bahaya, a ba da albendazole ko mebendazole. Mai sabon ciki kada ta sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Yaron da cikinsa ya ƙulle, yana amai, ba ya bahaya, a garzaya da shi asibiti, domin tsutsa tana iya toshe hanji.

Tambayoyi
1. Ta wace hanya tsutsa mai ƙugiya ke shiga jiki?
2. A gidanku, ina ake zubar da kashin yara?