Yadda zaka haɗa layin intanet biyu a rauta ɗaya, in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya karɓa da kansa

Duk mai kafe ko shagon POS ko ɗan ofis ya san wannan abin, ana tsaka da aiki kwastoma na tsaye a kanka sabis ya ɗauke, sai kaga an fara guje-guje, wannan ya ciro MiFi a durowa, wancan ya kunna hotspot ɗin wayarsa, ana ta tambayar meye fasuwod ɗin. Alhali aikin da rauta zata yi da kanta ne cikin abinda bai kai minti ɗaya ba in an saita ta daidai. Zanyi bayanin da rautar MikroTik ne saboda ita nafi aiki da ita, kuma ƙaramar hEX ɗin nan mai ramin kebul 5 ta isa. Kamfanin ƙasar Latbiya ne, manhajar cikinta RouterOS, ana shiga saitinta da wata manhajar kwamfuta mai suna Winbox, kuma abinda zan rubuta na RouterOS 7 ne, in naka 6 ne akwai ɗan bambanci wajen lambobin scope da zamu gani a gaba.

Kafin ka taɓa rauta ma, ka fara duba layukan naka biyu. In duk hanyarsu ɗaya ce to layi ɗaya gareka, kuɗi biyu kawai kake biya. Ka tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Ko lokacin da aka rufe sabis a Zamfara a Satumban 2021, mai sim ɗaya da mai sim huɗu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Shi yasa ni shawarata in babban layinka faiba ne, na ko-ta-kwana ya zama 4G na wani kamfani daban, in kuma da hali a haɗa da na tauraron ɗan adam irin Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023.

Toh mu shiga aiki. Bari mu ɗauka babban layi yana shigowa ta ether1, wato ramin kebul na farko a rauta, kuma adireshin modem ɗinsa 192.168.1.1, na ko-ta-kwana kuma ta ether2 da 192.168.8.1, wanda shine yawancin na'urorin Huawei ke zuwa dashi. Ita MikroTik nata 192.168.88.1 ne daga kwali. Abin lura kawai kar biyu su zama gida ɗaya, in duk modem ɗin biyu 192.168.1.1 ne ka shiga ɗaya ka canja masa, in ba haka ba rauta zata rikice ta rasa wa take magana dashi.

Ka buɗe Winbox, kaje Files kayi Backup tukuna, sannan ka danna Safe Mode ɗin da ke sama. Kar ka raina wannan maɓallin, in ka yi kuskure ka yanke kanka daga rauta to zata maida komai yadda yake da kanta, wanda ya taɓa kulle kansa a waje ƙarfe sha ɗayan dare shi ya san darajarsa. In ka gama komai ka sake danna shi don saitin ya zauna.

Daga kwali ether2 tana cikin Bridge ne, wato ɓangaren cikin gida, don haka kwamfutarka ta koma ether3, sai kaje Bridge, Ports, ka cire ether2. Kaje Interfaces, Interface List, ka saka ether2 cikin WAN. Wannan ɗan matakin shine zai sa dokar masquerade, wato wadda ke fitar da na'urorin cikin gida intanet da adireshin rauta, da ta katangar tsaro da rauta tazo dasu su hau kan sabon layin ma, ba sai ka rubuta wata sabuwa ba. Sai IP, DHCP Client, ka ƙara ɗaya wa ether2 don ta karɓo adireshi daga modem, kuma a duka biyun, na ether1 da na ether2, ka maida Add Default Route zuwa no, ka cire alamar Use Peer DNS. Hanyoyin da hannu zamu rubuta su.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yin aikin rabi da rabi. Abinda ake yawan yi shine a saka hanya biyu, ta farko distance 1, ta biyu distance 2, ƙaramar lamba ita ke gaba, sai a kunna check-gateway ping a tafi. Rauta zata riƙa ƙwanƙwasa ƙofar modem duk bayan daƙiƙa 10, in taji shiru sau biyu a jere sai ta koma layi na biyu. Ka cire kebul, ya sauya, kowa ya tafa, an biya mai aiki. Amma ka tambayi kanka, sau nawa kebul ɗin da ke tsakanin modem da rauta yake cirewa da kansa? Abinda ke faruwa kullum shine masu gyaran titi sun tono faiba, ko data ta ƙare, ko matsalar daga can wajen kamfani take, shi kuwa modem yana nan zaune fitilunsa na ci, ka ƙwanƙwasa ya amsa lafiya lau. Rauta tana ganin komai ƙalau, ta cigaba da tura kaya cikin rijiya. Nima na taɓa yin wannan a wani shago farkon fara aikina, sati biyu ana yabona, ranar da layin ya mutu da gaske mai shagon ya kirani yace injiniya abin naka fa ado ne kawai.

Maganin shine kar rauta ta tambayi modem, ta tambayi wani can cikin intanet ta bayan modem ɗin. Ka buɗe New Terminal ka rubuta waɗannan, kowanne a layinsa:

/ip route add dst-address=8.8.4.4/32 gateway=192.168.1.1 scope=10

/ip route add dst-address=1.0.0.1/32 gateway=192.168.8.1 scope=10

/ip route add dst-address=0.0.0.0/0 gateway=8.8.4.4 distance=1 target-scope=11 check-gateway=ping

/ip route add dst-address=0.0.0.0/0 gateway=1.0.0.1 distance=2 target-scope=11 check-gateway=ping

Biyun farko suna cewa, 8.8.4.4 na Google ta babban layi kaɗai za'a neme shi, 1.0.0.1 na Cloudflare kuma ta layin ko-ta-kwana kaɗai. Biyun ƙarshe kuma suna ɗaure kowace hanya da wannan ɗan aiken nata, muddin 8.8.4.4 na amsawa ana bin babban layi, yayi shiru a koma na biyu, ya dawo da amsawa a dawo gida ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Lambar target-scope lallai ta fi scope ɗin, in ka bar su daidai ko ka juya su zaka ga hanyar taƙi tashi a IP Routes kayi ta neman laifi inda babu.

Akwai wani tarko anan da yake kama har waɗanda suka daɗe a harkar. Tunda ka ɗaure 8.8.4.4 a babban layi, duk ranar da layin ya mutu shima ya mutu kenan a wajenka. In kuma shine DNS ɗinka, wato wanda ke juya sunan shafi zuwa adireshi, sai rauta ta sauya layi lafiya amma babu shafin da zai buɗe, kai kuma kana ta zagin sim. Don haka adireshin gwaji daban, na DNS daban. Kaje IP, DNS, ka saka 8.8.8.8 da 1.1.1.1, waɗannan ba'a ɗaure su ko'ina ba, duk layin da ke raye zasu bi.

Ka sani kuma sauyin ba kamar ƙiftawar ido bane. Akwai wajen daƙiƙa 20 zuwa 30 na shiru, sannan adireshin da duniya ke ganinka dashi ya canja, kiran WhatsApp zai iya katsewa, shafin banki zai iya fitar da kai ka sake shiga. Ka gaya wa mai shago wannan tun farko kar yazo yace ka cuce shi. In kaga wasu na'urori sun maƙale bayan sauyi, tsofaffin haɗi ne suka rage a ƙwaƙwalwar rauta, wannan zai share su:

/ip firewall connection remove [find]

Wani zai ce to in ita rautar kanta ta ƙone fa? Nan ne ake kawo rauta biyu a haɗa su da VRRP, su raba adireshi ɗaya wanda duk kwamfutoci suka sani a matsayin ƙofar fita, mai lambar priority mafi girma ta riƙe shi, misali 200, ɗayar a barta a 100 da take zuwa dashi, ta farko ta mutu ta biyu ta ɗauka cikin daƙiƙu kaɗan.  Gaskiya wa ƙaramin shago ni bana bada shawarar wannan wahalar, ka sayi rauta ta biyu ka zuba mata saitin ka ajiye a kabad yafi sauƙi. Kuɗin ka kashe shi a wuta, don abinda yafi kashe intanet a wajenmu NEPA ce, ƙaramin UPS ko inbata da zai riƙe rauta da modem duka biyun, ba rauta kaɗai ba.

Sai gwaji, kuma don Allah kar ka gwada da cire kebul ɗin ether1, wannan jarrabawar ko saitin banza zai ci ta. A kwamfuta ka buɗe cmd ka rubuta ping 9.9.9.9 -t ka barshi yana tafiya, sai ka zare faibar da ke shiga modem ta baya, modem ɗin na kunne. Zaka ga amsa ta tsaya, ka ƙirga, kafin rabin minti ya kamata ta dawo, a IP Routes kuma hanyar distance 2 ce zata nuna tana aiki. Ka maida faibar ka jira kaga ta koma ta farko, sannan kayi wa layi na biyu irin haka da cire sim ko kashe datarsa.

Shi kuma sim ɗin ko-ta-kwana, ka saka ranar ƙarewar datarsa a kalandar wayarka, kuma duk farkon wata ka maimaita gwajin nan sau ɗaya. In kana da yara masu kallon bidiyo a shagon ka riƙa leƙa IP Routes lokaci-lokaci, don rauta bata yin ihu in ta sauya layi, zata iya kwana uku akan sim tana cinye data kai baka ma san faiba ta yanke ba.